Karen Wa Ne?

Yaran Moriki, kamar na ko'ina a ƙasar Hausa, sun san dalilin da ya sa kare ke bin mota da haushi. Wai shi da jaki da akuya suka shiga mota ɗaya. Da aka iso, jaki ya biya kuɗinsa cif, shi ya sa har gobe ba ya kauce wa direba. Akuya ta sulale ba ta biya ba, don haka da ta ji ƙugin inji sai ta ranta a na kare. Gogan naka kuwa ya miƙa kuɗi, kafin a ba shi canji mota ta tashi. Bashinsa yake bi har yau, ba rasit, ba mai shaida, ba wanda ya rubuta sunansa.

Tatsuniyar ta faɗi gaskiyar da ta wuce ta mota. A kan hanyar da ta taso daga Ƙaura Namoda ta ratsa Moriki ta nufi Shinkafi, duk dabbar da ke da kuɗi tana da alama. Ranar Alhamis a karar Shinkafi, ragon da aka sallama ana shafa masa fenti a gadon baya kafin ya hau mota. Bafulatani yana yanka kunnen maraƙinsa da irin yankan gidansu, wanda a Fulfulde ake kira jelgol. Buzu yana yi wa raƙuminsa lalas da tambarin danginsa. Mutanen ma ba a bar su a baya ba, don a da wanzami ne ofishin katin ɗan ƙasa: da ganin kumatu an san wannan Bazamfare ne, wancan Bagobiri. Kare kaɗai, wanda ke kwana a waje yana gadin duk waɗannan, shi ne ba shi da komai sai suna da wanda ya san shi.

Sunan ma sau da yawa ba don shi aka raɗa ba. Baƙin kare Duna ne, mai faɗa Zaki ne, amma idan aka ji maigida ya tsaya a ƙofar gida yana ƙwala kiran Ƙyale-su ko Bar-su, to da maƙwabci ake, kare ɗan aike ne kawai.

Shi dai bai taɓa rasa hanyar gane 'yan'uwansa ba. Hancinsa na ɗauke da ƙwayoyin jin ƙanshi sama da miliyan 100, na ɗan Adam kuwa ba su wuce miliyan 6 ba. Fitsarin da yake ɗigawa a gindin bedi da kusurwar katanga sa hannu ne: wanda ya shinshina zai san namiji ne ko karya, kuma yaushe ya wuce. Idan karnuka biyu suka haɗu kowa ya nufi ƙarƙashin wutsiyar ɗan'uwansa, ba rashin kunya ba ne, akwai wasu 'yan jakunkuna biyu a wurin masu fitar da warin da ya bambanta wannan da wancan. Abin da ya fi ban mamaki shi ne fatar hancin kanta. Wanda ya duba da kyau zai ga 'yan tsage-tsage da ƙuraje kamar ƙasar fadama da ta bushe, kuma zanen kowane kare daban yake, kamar zanen yatsa. Kwikwiyo na zuwa duniya bayan kwana 63 a ciki, makaho kuma kurma, sai ya yi kusan mako biyu kafin ya buɗe ido, amma tun ranar farko da hanci yake laluben nono.

Matsalar ta mutane ce, kuma takan taso da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, lokacin da ganga ke tara mafarauta daga garuruwa da yawa su shiga daji da gora da kere da karnuka. Karen bana shi ke maganin zomon bana, saboda haka kare mai gudu abin so ne, abin hassada kuma. A dawo gida a nemi wani a rasa, bayan wata biyu a gan shi ɗaure a wani ƙauye. Sai a je gaban Sarkin Dawa ko mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, karen ga nawa na, tun yana ɗan kwikwiyo ni ka ba shi hura."

"Allah shi ba ka nasara, ƙarya yakai. Uwatai ma gidanmu take."

Hukuncin da ya fi sauƙi shi ne a saki kare a tsakiya, kowa ya kira. Yakan yi aiki, don kare ba ya manta warin wanda ya rene shi ko da an shekara. Sai dai kare mai yunwa yana iya bin hannun da ke warin ƙashi, kuma karen da aka loda a mota ba ya nan balle a kira shi. Akwai fataken da ke zaga ƙasar Hausa har cikin Nijar suna sayen karnuka, a kai su kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, daga can wasu su gangara kudu. Fatauci ne kamar kowane, amma inda ake sayen abin da ba shi da shaida, ɓarawo na cin karensa ba babbaka.

Kada a ce abin bai kai a je gaban alƙali ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Ƙaura da Zurmi, ta yarda a riƙe kare don gona ko dabbobi ko farauta, ta kuma ɗora wa wanda ya kashe irin wannan kare biyan ƙimarsa. Ƙima kuwa sai an san mai ita. Masu sharhi ma suna ba da labarin cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi hakan, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ɗaure. Mutumin ƙasar Zurmi, mai kwana da kunne ɗaya saboda abin da ke fitowa daga dajin Dumburum, ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan magana.

Rashin tsaron ne ma ya rusa tsohuwar rajistar. A da shaidar kare tana cikin kawunan maƙwabta: duk unguwa ta san jan karen nan mai farin ƙafa na gidan wane ne. Yanzu ƙauyuka da dama sun watse, masu shaidar suna Ƙaura ko Gusau ko sun tsallaka Maraɗi, wasu karnukan sun biyo masu su cikin garin da ba wanda ya san su, wasu an baro su a kufai suna neman abin da za su ci. Alamar da ake buƙata yau ita ce wadda baƙo zai iya karantawa.

Wadda aka fi sani ita ce yanke kunne. Ana datse wa kwikwiyo kunnuwa da aska, wasu har da wutsiya, wai don ya yi zafi, wai don kada ƙaya ko abokin faɗa su sami abin kamawa, wai don ƙudan da ke cin bakin kunne har ya yi gyambo. Ƙudan gaskiya ne, amma magani ake shafa musu. Zafin rai kuwa daga iri da horo yake zuwa, ba daga aska ba. Kunnen kare na da tsokoki wajen 18 da ke juya shi ya kamo motsin da mutum ba ya ji, da shi kuma yake nuna tsoro ko fushi, don haka gundulallen kare ya fi wuyar karantawa ga yaron da ke tsokanarsa. A matsayin shaida kuma ba ta da amfani: in rabin karnukan gari gundulallu ne, an sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Lalas ma haka. Hadisi ya tabbatar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa raƙuman zakka alama da hannunsa, amma ya hana yin ta a fuska. Fatar kare kuwa ba ta raƙumi ba ce, ƙuna a jikinsa ƙofar tsutsa ce da damina.

Turawa sun bi ta wata hanya, su ma sata ce ta kora su. A 1965 wata karya mai suna Pepper ta ɓace daga gonar masu ita a jihar Pennsylvania ta Amurka. Kafin su gano inda take, dillalai sun sayar da ita ga wani asibiti a New York, ta mutu a ɗakin gwaji. Hayaniyar da ta biyo baya ta haifar da dokar 1966 da ta tilasta wa dillalan karnuka yin lasisi da ajiye bayanin kowace dabba. A waɗancan shekarun zanen lamba da tawada a ƙarƙashin fata ya yaɗu, a cikin kunne ko a cinya ta ciki. Cinyar ta fi, don ɓarawo na iya yanke kunne ya yar. Aibinsa shi ne yana dushewa, gashi na rufe shi, ba ya fita sosai a baƙar fata, kuma galibi sai likitan dabbobi ya sa kare barci kafin a yi. Tarayyar Turai ta daina karɓar sabon zane a fasfon dabbobi tun 3 ga Yuli 2011.

Abin da ya maye gurbinsa wata 'yar ƙwaya ce da Bashinkafe zai raina, don ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Da allura ake tura ta ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, cikin ƙiftawar ido. Ba ta da batir, ba ta lalacewa da wuri, tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15 da ba a maimaitawa. Idan aka kara wata na'ura kamar wayar hannu a jikin karen, lambar ta fito. A Ingila ta zama dole tun 6 ga Afrilu 2016 ga duk karen da ya kai mako takwas, tarar ƙin yi tana kai fam 500. Amurka kuma tun 1 ga Agusta 2024 ba ta barin kare ya shiga ƙasarta sai da ita, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ake tsaurara wa bincike saboda ciwon haukan kare.

Mutane da yawa suna zaton ƙwayar na nuna inda kare yake. Ba ta nunawa. Ba ta ɗauke da sunan kowa ma, lamba ce tsura, sai an duba ta a rajista kafin a san mai ita. A Ingila kowane ɗakin likitan dabbobi na da na'urar, rajistar kuma na intanet. A yankin Moriki kuwa, inda aka taɓa katse layukan waya gaba ɗaya na tsawon makonni a watan Satumba 2021, ƙwayar da ba na'ura ba rajista laya ce kawai da aka binne a tsoka. Ta dace da wanda zai fita da kare waje, ko mai karen Turawa mai tsada da ke iya kai shi asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya. Ga manomin Moriki, ba ita ce ta farko ba.

Ta farko ita ce wadda ke da alaƙa da rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana ba a tashi. Idan kare ya ciji yaro, bayan an wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 an garzaya asibiti, tambayar da ma'aikacin lafiya zai yi ita ce: karen wa ne, an yi masa rigakafi? In an san shi, sai a ɗaure shi kwana 10 ana kallo yayin da yaron ke karɓar allura. In ba a sani ba, samari su bi shi da gora, shaidar ta mutu tare da shi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar karnuka, kuma masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar na yankewa. Amma ta yaya za a san an kai 70 in ba a iya bambanta wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba? A Istanbul karnukan titi na yawo da 'yar lamba a kunne, a Indiya ana ɗan tsaga gefen kunne ɗaya ga wanda aka yi wa aiki da allura, a hannun likita, ba da askar gida ba.

Doka ma ba ta rasa ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba ƙaramar hukuma lasisin keke da amalanke, shi ya ba ta kula da yadda ake ajiye dabbobin gida. Littafi ɗaya a sashen dabbobi na Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura, da kwafinsa a hannun Sarkin Dawa, zai yi abin da ƙwayar Ingila ke yi: lamba, suna, launi, ranar allura, unguwar mai shi. Baduku ya ɗinka abin wuya na fata, irin wanda mafarauta suka saba rataya wa laya, maƙeri ya buga lambar a ɗan ƙarfe. Abin wuya na ciruwa, gaskiya ne, shi ya sa ake haɗa shi da abin da ba ya ciruwa: hoton karen a waya, gefen dama da na hagu, farin ƙirji, tabon da gyado ya bar masa, da hoton fatar hanci daf da daf, a tura wa ɗan'uwa a wani gari ya ajiye saboda ɓacin rana.

Hoton hancin ne mai wuya. Sai an goge danshin da tsumma, mutum ɗaya ya riƙe haɓa, a fuskanci rana, a ɗauka kafin harshe ya fito. Duna kan lashe gilashin wayar sau biyu ko uku kafin a dace.