Mai Ciki Da Ke Fama Da Taɓin Hankali: A Kula Da Barcinta

A ɗakin awon ciki mukan tambayi mace ko tana cin abinci, ko ɗa yana motsi. Ba kasafai ake tambaya ko tana barci ba. To ga macen da ke da irin taɓin hankalin nan da likitoci ke kira sikizofireniya, wannan babbar tambaya ce. Mai wannan ciwo kan ji muryoyin da babu wanda ke jinsu, ko ta riƙa zargin ana neman cutar da ita. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kusan mutum 1 cikin 300. Kusan kashi ɗaya bisa uku na masu shi magungunan farko ba su yi masu aiki sosai. Rashin barci yana ƙara wa muryoyin ƙarfi, sau da yawa ma shi ne alamar farko ta tashin ciwon.

Akwai maganin rashin barci da ba ƙwaya ba ne, zama ne ake yi da ma'aikacin lafiya ana tattaunawa. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2015, masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila sun gwada shi a kan mutum 50 da muryoyi ko zargi suka ƙi barinsu duk da shan magani. Bayan mako 12, kashi 41 cikin ɗari na waɗanda aka yi zaman da su sun rabu da rashin barci, a ɗaya rukunin kuwa kashi 4 kacal. Muryoyin ba su ɓace ba, kuma ba don masu ciki aka shirya binciken ba, amma shawarwarinsa ba su cutar da ɗan ciki.

Abin da ake koyarwa ba mai wuya ba ne. Ki tsayar da lokacin tashi guda, misali sallar asuba, ko da daren bai yi daɗi ba, sannan ki fito tsakar gida ki sha hasken safiya. Barcin rana kada ya wuce rabin sa'a. Goro da shayi a bar su daga la'asar. Kada ki kwanta sai barci ya zo. In kin jima kina juyi, sauko kan tabarma ki yi tasbihi har ido ya yi nauyi. Damuwar da ke zuwa cikin dare kuma a ware mata lokaci da rana, ki faɗe ta ga wadda kika yarda da ita.

Na san matan da ke zuwa mana daga Anka, Gummi da Bukkuyum za su ce, "Malama, mu da muke kwana kunne a buɗe saboda 'yan bindiga?" Gaskiya ne, wannan tsoro ba ciwo ba ne, kuma magana ba ta kore shi. Abin da iyali za su iya shi ne su ɗauke mata gadin dare, a sa wata babba ta kwana kusa da ita.

Lokacin da na fi jin tsoro shi ne makonnin farko bayan haihuwa. Ga wankan jego da sassafe, ga 'yan barka har ranar suna, ga kukan jariri. Iya ko gwaggo ta karɓi jaririn da dare, a kawo shi shan nono kawai, mai jego ta samu sa'a huɗu ko biyar a jere. Maigida kuma ya rage mata baƙi, ba rashin kunya ba ne.

Kada a daina maganin asibiti don an samu ciki, kada kuma a sayo ƙwayar barci a kemis. Wadda ke shan Clozapine, maganin da ake ba waɗanda sauran magunguna suka gaza, ta ci gaba da gwajin jini, ta kuma tambayi likita batun shayarwa tun kafin ta haihu.

In mai jego ta yi dare biyu ba ta runtsa ba, ko ta fara surutai, ko ta ƙi jaririnta, kada a bar ta ita kaɗai da shi. A yi addu'a, amma a kai ta asibiti mafi kusa a ranar. Daga can za a iya tura ta Gusau, ko nan asibitin koyarwa na Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.