Gasar ces ta 960: Yadda ake shirya ta da darasin da ke ciki ga 'yan dara a Birnin Kudu da Gwaram

Da zarar an kammala girbi a kudancin Jihar Jigawa, inuwar bishiyoyi a Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye da su kan koma dandalin 'yan dara. Kayan wasan ba su da tsada: gurabe 30 da aka haƙa a ƙasa, layi 5 mai gurbi shida-shida, sai 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wani ya riƙe tsakuwa, wani ya riƙe tsinke.

Ana fara dara ne da gurabe wayam. 'Yan wasan biyu za su riƙa ajiye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a shiga turawa. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Saboda haka da wuya a samu wasa biyu da suka tashi daga shimfiɗa iri ɗaya. Wannan siffa ce manyan gwanayen darar ces ta duniya, wadda littattafan Larabci ke kira shaɗaranji, suka koma nema a 'yan shekarun nan, har suka kafa mata gasa ta musamman.

Matsalar hadda

A ces da aka saba, 'ya'ya 32 ne ke kan allo mai gida 64, kuma kullum jeri ɗaya ake farawa da shi. Shekaru aru-aru ana nazarin wannan jeri, sannan kwamfuta ta zo ta zurfafa binciken. A yau gwani kan iya yin motsi 15 ko 20 na farko daga abin da ya haddace a gida, kafin ya fara tunanin kansa. Idan gwanaye biyu suka zo da hadda ɗaya, sau da yawa canjaras ake tashi.

Bobby Fischer, Ba'amurken da ya zama zakaran duniya a 1972, ya gabatar da maganin wannan matsala a birnin Buenos Aires na Ajantina a watan Yunin 1996. Ya bar sojoji takwas na gaba a inda suke, amma ya ce a cakuɗa manyan 'ya'yan da ke layin baya bisa sharuɗɗa biyu. Na farko, sarki ya kasance tsakanin hasumiyoyi biyu. Na biyu, giwaye biyu, kamar yadda Larabawa ke kiransu, ɗaya ta tsaya a farin gida, ɗaya a baƙi. Jerin mai baƙaƙen 'ya'ya kuma ya yi daidai da na mai farare. Da waɗannan sharuɗɗa ana samun jeri 960, kuma daga nan wasan ya samu sunansa. Babu mai iya haddace buɗin wasa 960 kamar yadda ake haddace guda ɗaya.

Hukumar ces ta duniya, FIDE, ta shirya gasar zakaran duniya ta wannan nau'i a 2019 a Norway, inda Wesley So ya doke Magnus Carlsen. Hikaru Nakamura ne ya lashe ta 2022 a birnin Reykjavik.

Yadda aka tsara gasar Weissenhaus

Gasar da ta fi jawo hankali ita ce wadda attajirin Jamus Jan Henric Buettner ya shirya tare da Carlsen a Weissenhaus, a gaɓar tekun arewacin Jamus, daga 9 zuwa 16 ga Fabrairun 2024. Mutum takwas kacal aka gayyata: Carlsen, Ding Liren, Fabiano Caruana, Alireza Firouzja, Levon Aronian, Nodirbek Abdusattorov, Vincent Keymer da Gukesh na Indiya. Jimillar kyautar ta kai Dala 200,000.

An kasa gasar gida biyu. A kashi na farko kowa ya kara da kowa sau ɗaya, wasa bakwai ke nan, da minti 25 ga kowane ɗan wasa da ƙarin daƙiƙa 10 bayan kowane motsi. Ba a fitar da kowa a wannan mataki ba; an yi shi ne domin a san matsayin kowa, a haɗa na sama da na ƙasa a mataki na gaba.

Kashi na biyu shi ne na sili-ɗaya-ƙwale: kusa da na kusa da ƙarshe, na kusa da ƙarshe, sai na ƙarshe. Kowane karo wasa biyu ne a kwana biyu, kowa ya riƙe farare sau ɗaya, baƙaƙe sau ɗaya. A nan lokaci ya fi tsawo, domin kowa yana farawa da minti 90. Dalilin hakan shi ne tunda babu hadda, ɗan wasa na bukatar dogon tunani tun daga motsi na farko. Idan aka yi kunnen doki sai a koma wasanni masu gajeren lokaci. A irin waɗannan gasa, idan hakan ma bai raba gardama ba, akan yi wasa ɗaya na ƙarshe wanda canjaras a cikinsa nasara ce ga mai baƙaƙe.

Jerin da za a buga kuwa ta hanyar ƙuri'a ake fitar da shi, mintuna kaɗan kafin a fara. A cikin waɗannan mintuna an yarda masu launi ɗaya su zauna tare su yi shawara a kan allo, amma ba tare da kwamfuta ba. An kuma ɗaura wa 'yan wasan na'urar auna bugun zuciya domin masu kallo ta intanet su ga halin da suke ciki.

Sakamakon ya nuna cewa kambu ba ya kare kowa idan aka cire hadda. Ding Liren, wanda shi ne zakaran duniya a lokacin, ya ƙare a matsayi na takwas. Carlsen kansa ya sha kaye a wasansa na farko da Firouzja kafin ya farfaɗo, ya fitar da Abdusattorov, sannan ya doke Caruana a karon ƙarshe. Da aka dawo Weissenhaus a Fabrairun 2025, Keymer, matashi ɗan shekara 20, ya fitar da Carlsen, ya doke Caruana, ya ɗauki kofin.

Abin da dara ke da shi, da abin da ta rasa

Ɗan dara na Gwaram bai taɓa bukatar ƙuri'a don samun sabon jeri ba, domin shi da abokin karawarsa ne ke gina jerin da hannunsu. Ta wannan fuska dara ta riga ces. Inda ces ta yi mata fintinkau shi ne tsari, kuma tsarin Weissenhaus ya nuna abubuwa huɗu da ba sa bukatar daloli.

Na ɗaya, rubutacciyar doka. Ƙa'idojin dara kan bambanta daga gari zuwa gari, ko a yawan gurabe, ko a hukuncin jera huɗu, ko a kan ɗan da aka halatta a ci. Kafin gwanin Birnin Kudu ya kara da na Sara a yankin Gwaram, dole a amince da doka ɗaya. Na biyu, ƙayyade lokaci, wanda agogon wayar hannu ya isa ya yi. Na uku, alƙali da ikon hana 'yan kallo sa baki, domin a dandali shawarar na gefe ta zama kamar wani ɓangare na wasan. Na huɗu, rubuta motsi. Wasannin Fischer na 1972 suna nan a rubuce, yaro na iya sake buga su a yau. Wasan gwanin dara kuwa yana shafewa ne da zarar iska ta cike guraben da rairayi.

Nan ne hatsarin yake. Dara na wucewa ne daga hannu zuwa hannu, kuma matasa da dama sun karkata ga gidajen kallon ƙwallo da wasannin waya. Idan dattijon da ya san dabarun ajiye 'ya'ya ya kwanta dama ba tare da wani ya koya ba, dabarun sun tafi tare da shi.

Gasa irin ta Weissenhaus mutum takwas ce da kwana takwas. Gwanaye huɗu daga Birnin Kudu da huɗu daga Gwaram, zagaye bakwai na kowa da kowa, sannan sili-ɗaya-ƙwale, abu ne da za a iya yi a harabar makaranta lokacin rani. Abin da za a fara nema shi ne dattawan da za su zauna su daidaita doka, da ɗalibin da zai riƙe alƙalami ya rubuta abin da aka buga.