Sun Je Ɗaukar Hoton Fashewar Dutse, Dutse Ya Ƙi Fashewa

Cikin watan Agusta na 1976 Gwamnatin Faransa ta ba da umurni a kwashe mutane fiye da 70,000 daga kudancin tsibirin Gwadalup, can cikin tekun Karibiyan kusa da Amurka. Dalili kuwa shi ne wani dutse mai aman wuta da ake kira La Soufrière, wanda tsawonsa ya kai ƙafa 4,800 da 'yan kai. Tun ran 8 ga Yuli ya soma fesa toka da tururi, ƙasa kuma tana ta girgiza. Mutanen tsibirin, waɗanda yawancinsu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne, suka bar gidaje da gonaki da dabbobi suka yi arewa. Wanda ya taɓa barin garinsu ba da son ransa ba, ba sai an gaya masa yadda wannan tafiya take ba.

Ana cikin haka sai wani Bajamushe mai shirya fim, Werner Herzog, ɗan shekara 33, ya karanta a jarida wai akwai wani talaka guda da ya ce shi ba inda za shi. Wannan mutum shi ya ta da Herzog daga Jamus. Da kamfaninsa na kansa ya yi aikin, su uku rak: shi da masu ɗaukar hoto biyu, Jörg Schmidt-Reitwein da wani Ba'amurke, Ed Lachman. Mutane na gudowa, su kuwa suna kutsawa.

Da suka shiga Basse-Terre, babban birnin tsibirin, sai suka tarar ba kowa. Fitilun kan hanya suna ta canzawa daga ja zuwa kore, ba mota ko ɗaya. A wani gida an bar telebijin a kunne saboda gaggawa. Jakuna da aladu da karnuka su ne suka gaje tituna, yunwa tana cinsu. Duk suka ɗauka. Daga nan suka nufi dutsen, suka hau har iska ta juyo musu da hayaƙi mai guba, tilas suka ja da baya.

Mutumin da suka zo nema kuwa, a kwance suka same shi a gindin itace, da kyanwarsa a gefe, sai da suka tashe shi daga barci. Abin da ya gaya musu a taƙaice shi ne, shi matalauci ne, ba shi da wurin zuwa, mutuwa kuwa ta Allah ce, in ta zo ta same shi a nan. Ashe ma ba shi kaɗai ba ne, sun sami waɗansu biyu da suka ƙi tashi. Hirar nan ita ce cibiyar fim ɗin, don mutanen ba fankama suke yi ba, magana suke yi a natse kamar ana taɗin damina.

Kada mai karatu ya ce tsoron Gwamnati na banza ne. A tsibirin Martinik da ke kudu da su, ran 8 ga Mayu 1902, dutsen Pelée ya fashe ya hallaka garin Saint-Pierre cikin 'yan mintoci, mutum wajen 28,000 suka mutu. Cikin 'yan kaɗan da suka tsira har da wani ɗan fursuna, Cyparis, wanda kaurin bangon ɗakin da aka kulle shi ya kāre shi. Herzog ya sa wannan labari cikin fim ɗinsa da tsofaffin hotuna.

To, amma La Soufrière bai fashe ba. Masana da kansu sun rabu biyu a kan maganar. Haroun Tazieff ya ce ba wata babbar fashewa da ke tafe, Claude Allègre kuwa yana bayan a kwashe mutane, har abin ya zama rigima a Faransa. Daga baya ta tabbata cewa narkakken dutsen da ke can ƙasa bai hauro ba. Zafinsa ne yake tafasa ruwan da ke cikin ƙasa, ruwan ya zama tururi, tururin ya ɓalle da toka da duwatsu, kamar tukunyar da aka danne wa murfi. Kafin ƙarshen shekarar mutane suka soma komawa gidajensu, bayan watanni suna zaman gudun hijira, aikin gona da ciniki duk sun tsaya.

Wani mai fim da sai ya jefa abin da ya ɗauko cikin akwati don kunya. Herzog bai yi haka ba. Ya haɗa shi ya zama fim na wajen minti 30, ya fito da shi cikin 1977 da sunan dutsen, ya kuma faɗa da bakinsa a ciki cewa bala'in da suka je jira bai auku ba, abin ya zame musu abin kunya. Sa'a ce dai suka taka. Waɗansu Faransawa biyu, Maurice Krafft da matarsa Katia, waɗanda suka shafe shekaru suna ɗaukar hotunan irin waɗannan duwatsu, dutsen Unzen na Japan ya halaka su ran 3 ga Yuni 1991. Cikin 2022 Herzog ya shirya wani fim da hotunan da suka bari.