Esansi odiner ko sufer: wane ya dace da mota?

A ƙasashe da yawa esansi iri biyu ne: odiner da sufer. Sufer ya fi tsada. Don haka mutane suna zaton ya fi ƙarfi. Ba haka ba ne.

Ga yadda abin yake. Cikin inji, fistan yana matsa esansi da iska, sannan buji ya ba da wuta. In matsi ya yi yawa, wani esansi yakan kama wuta da kansa. Sai a ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. In abin ya daɗe, fistan ya lalace.

Sufer ya fi odiner jure matsi. Ana auna wannan juriya da lamba, sunanta oktan. Inji mai matsi sosai, sai sufer. Injin da aka ƙera don odiner, sufer ba ya ƙara mashi gudu. Asarar kuɗi ce kawai. Lambar da mota ke so tana cikin littafinta.

A Nijar, matatar SORAZ ta kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011. Sufer ne ake samu a gidajen mai. Amma a yi hankali da man kwalba na bakin hanya. Wani lokaci ana gauraya shi da kananzir, sai oktan ya faɗi. Mai mota ya tuna: gyaran inji ya fi lita tsada.