Isawa: Daga Kasuwar Kano Zuwa Cocin Wusasa

Tun ba a taɓa kaɗa ƙararrawar coci a ƙasar Kano ba, aka kashe wani malami a kasuwar birnin a kan maganar Annabi Isa. Sunansa Malam Ibrahim, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855. Babu Baturen mishan da ya yi masa wa'azi. Alƙur'ani yake karantawa, ya dinga tsayawa a ayoyin da suka ambaci Isa ɗan Maryamu, har ya fara fifita shi a karatun da yake bayarwa. Almajirai suka taru masa, magana ta kai fada. Aka ce ya janye, ya ƙi, aka tsire shi wajajen 1867.

Mabiyansa, da aka laƙaba wa Isawa, suka watse. Wasu suka nausa wajen duwatsun Ningi, mafakar masu gudun hukuncin Kano, inda mahara kan fito su addabi garuruwan kudu irin su Rano. Wasu suka ɓuya a ƙauyukan gabashin Zazzau. Fiye da shekara 40 suna riƙe da abinsu a ɓoye, uba ya bar wa ɗa.

Su kuwa 'yan mishan, farkon zuwansu bai yi armashi ba. A 1900 Bishop Tugwell ya iso Kano da ayarinsa, ciki har da Dokta Walter Miller, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905, yana magani yana koyar da boko, amma masu bin addininsa ba su taka kara sun karya ba. Kwatsam a 1913 sai ga samari biyu daga zuriyar Isawa a ƙofarsa, wai sun zo jin ƙarin bayani a kan Isa. Mutumin da ya yi shekaru yana neman masu saurare, ga su sun kawo kansu.

Aka kafa wa zuriyar Isawa gari a Gimi, mutum sama da 100, suka yi gonaki da makaranta, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, yana kula da su. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya shiga gida-gida: mutum na cikin magana sai gyangyaɗi, ya rame, ya tafi. Cikin 'yan shekaru Gimi ta zama kufai, aka kwashe waɗanda suka tsira, yawancinsu yara, zuwa Zariya.

Da mishan ta fita daga birni ta koma gindin dutsen Wusasa, aka gina cocin St Bartholomew a 1929. Ginin ƙasa ne, da baka da azara irin na sorayen Hausa. Wanda ya san tsohon masallacin Juma'a na Zariya ba zai ji baƙunta a cikinsa ba. Daga wannan 'yar al'umma Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara a can.