Taƙaddamar Shigar da Makullin Hana Barci Cikin Ƙwayar Linux

A wannan takarda za mu duba saɓanin da ya auku a shekarun 2009 da 2010 tsakanin injiniyoyin Google da masu kula da ƙwayar Linux, wato ɓangaren da ke tsakanin jikin na'ura da sauran manhajoji. Domin batir ya daɗe, an gina wayar Android ne ta riƙa yin barci da zarar ta sami sarari. Duk manhajar da ke tsakiyar aiki sai ta riƙe abin da suka kira wakelock, wato makullin hana barci, har ta gama.

Da Arve Hjønnevåg ya gabatar da wannan dabara don a shigar da ita, sai masu kula da ƙwayar suka ja baya. Hujjarsu ita ce, sai an yi wa direbobin na'urori masu yawa kwaskwarima kafin tsarin ya yi aiki, kuma manhaja guda mai sakaci tana iya riƙe makullin ta shanye batir. Abin da ya shiga ƙwayar kuwa, ɗaukar nauyinsa na shekaru ne.

A ganinmu hujjar tana da ƙarfi, sai dai ƙin ma ya jawo hasara, domin direbobin wayoyi da dama sun dogara da makullin, saboda haka suka maƙale a waje. Sai a shekarar 2012, cikin Linux 3.5, aka karɓi tsarin barci mai kama da na Android wanda Rafael Wysocki ya sake ginawa bisa ƙa'idojin ƙwayar.