Kafin a “buɗe” ƙwaƙwalwar a-kori-kura

Duk wanda ya tashi a Ɗanja ya san yadda gari ke zama daga Janairu zuwa Maris. Tumatir ya nuna a fadamu, kwanduna sun cika bakin titi, 'yan gwari sun zo daga nesa, kowa sauri yake yi domin kayan gwari ba ya jira. Manyan motoci ne ke kai kaya Legas, amma daga bakin lambu zuwa kasuwa, ko zuwa Funtuwa, ko a bi ta Hunƙuyi a shiga Zariya, wannan aikin a-kori-kura ne. Idan ta yi kwana uku a gareji a irin wannan lokaci, mai ita ya yi asarar da ba zai mayar ba sai baɗi.

A daidai wannan lokaci ne muka zo gida hutu daga jami'a, muka tarar kawunmu yana shirin kai motarsa a “buɗe mata ƙwaƙwalwa”. Toyota Hilux ce fara, ta hannu, mai injin fetur lita 2.7. A saninsa ba a canza mata komai ba tun daga kamfani, in ban da tayoyi da ƙarin sifirin a baya. Kukansa biyu ne: tana shan mai, kuma idan aka yi mata lodi sai ta riƙa nishi a hawa. Batun mai kuwa ba wasa ba ne. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Wani direba ne a tasha ya gaya masa akwai wani matashi mai kwamfuta da zai jona mata waya, cikin awa ɗaya ta ƙara ƙarfi kuma ta rage shan mai.

“Injiniya, kai da kake karatun abin, me ka gani?” Haka yake kiran mu, ko da yake aji biyu kawai muke.

Muka ce, “Kawu, a ba mu kwana biyu tukuna.” Gaskiya a lokacin mu ma ba mu da amsa. Sai da muka koma kan littattafanmu, muka kuma kira wani malaminmu a waya. Abin da muka samo ne muke so mu raba da ƙannenmu na sakandare, domin da yawanku akwai irin wannan mota a gidajenku, wasunku ma ku ne 'yan lodinta ranar Asabar.

Akwatin da ke lissafi

Kanikawa suna kiran ta burenbos. Ɗan akwati ne da bai fi girman littafin rubutu ba, yana ɓoye a bayan dashbod ko a ƙarƙashin bonet. Tsofaffin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, ba su da shi. Su kafireto ne ke haɗa musu mai da iska, bakanike kuma ya saita shi da sukundireba da kunnensa. A motocin yanzu kwamfuta ce ta karɓi wannan aiki.

Tana da 'yan rahoto, wato sansoshi. Ɗaya yana gaya mata yawan iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwan lagireto, ɗaya yadda direba ya taka totur, ɗaya saurin juyawar injin, wani kuma yana cikin salansa yana sansanar hayaƙi ya ji ko man ya ƙone daidai. Da wannan rahoto take yanke hukunci kan manyan abubuwa biyu: yawan man da nozul zai fesa, da daidai lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Ga lissafin da 'yan ajin kimiyya za su iya gwadawa. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Ma'ana, lita ɗaya ta fetur tana cin iska kimanin lita 9,000. Sannan injin mai fistan huɗu da ke juyawa sau 3,000 a minti yana kunna wuta sau 6,000 a mintin nan, wato sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Kowace wuta sai akwatin ya auna mata mai ya kuma zaɓa mata lokaci. Ba tunani yake yi ba. Akwai jadawalin lambobi da injiniyoyin kamfani suka rubuta masa, yana dubawa yana bi: idan gudu kaza ne, nauyi kaza ne, zafi kaza ne, to mai kaza. Abin da ake kira “buɗewa” ko tunin shi ne a shiga wannan jadawali a canza lambobin.

To me ya sa kamfani bai sa lambobin da suka fi ba da ƙarfi tun farko ba? Saboda mota ɗaya ce za a sayar wa mai tuƙi cikin sanyin Rasha da mai tuƙi cikin zafin Agadas, da mai samun mai tsabtatacce da mai saye a galan a bakin hanya. Don haka suke barin rara, kamar yadda tela ke barin ƙarin yadi a rigar yaro. Mai tunin wannan rarar yake cinyewa.

Inda alƙawarin yake da gaskiya, da inda ba shi da ita

Ba ƙarya ba ne cewa tunin yana ƙara ƙarfi. Amma ya danganta da irin injin. Hilux mai man dizal da turbo, labarinta daban ne. Turbo kamar zugazugin maƙeri yake, yana tura iska cikin injin da ƙarfi, kuma kwamfuta ce ke ba shi umarni. Idan aka ce masa ya ƙara zuga, aka kuma ƙara mai, direba zai ji bambanci a ƙafarsa. Sai dai zafi ma zai ƙaru, alhali kuloci da giya da lagireto da birki suna nan yadda kamfani ya yi su.

Motar Kawu ba ta da turbo. Injinta da kansa yake zuƙar iska, kuma duk juyi biyu ba zai zuƙi abin da ya wuce kimanin lita 2.7 ba, ko wace lamba aka rubuta a kwamfuta. Idan ka cika murhu da itace babu ƙarin iska, hayaƙi za ka samu, ba wuta ba. Ƙarfin irin wannan injin daga kamfani ya kai na doki kusan 160, kuma abin da tunin zai ƙara a kai ɗan kaɗan ne, wanda da wuya mai lodin tumatir ya lura da shi.

Ɗan abin da ake samu ɗin ma, yawanci daga matso da lokacin wutar fulogi gaba ake samun sa, kuma a nan haɗarin yake. Idan wuta ta yi saurin zuwa, ko man ba shi da inganci, sai ragowar man ya fashe da kansa maimakon ya ƙone a hankali. Shi ne ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani da ake ji idan mota tana hawa da kaya. Kowace irin wannan fashewa guduma ce a kan fistan. Akwai sansa da ke jin ta ya sa kwamfuta ta ja da baya, amma mai tunin da bai ƙware ba yakan rage masa ji don motar ta yi ta ja. Yanzu ku haɗa waɗannan: rana tsaka a watan Maris, lodi ya wuce kima, hawa, ga man da aka saya wajen 'yan bumburutu. Ko man gidan mai ma ba kullum ake da tabbas a kansa ba. A Fabrairun 2022 hukumomi da kansu sun amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, aka yi ta layin mai ana janye shi daga kasuwa. Injin da aka cinye masa rara ba shi da inda zai fake a irin wannan rana. Abin da ke biyo baya shi ne kalmar da kowane mai mota ke tsoro: injin ya buga.

Akwai kuma haɗarin aikin kansa. Wasu masu kwamfutar ba su auna motarka ba, fayil ne kawai suka sauke daga intanet wanda aka yi wa wata mota a wata ƙasa. Idan batir ya yi sanyi ko kwamfutar ta mutu ana tsakiyar rubutu, akwatin na iya sumewa gaba ɗaya, mota ta ƙi tashi. Ko an sayo wani ɗan Beljiyam, a motoci da yawa sai an sake haɗa shi da makulli kafin ya yarda ya tayar da injin. Duk wannan, tumatir yana kwando yana jira.

Don ku san girman abin da lambobin nan ke iya yi: a Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano kamfanin Volkswagen na Jamus ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai ta gyara halinta, idan an fita titi ta koma yadda take. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Ba a canza ko ƙusa ɗaya ba, rubutu ne kawai.

Abin da muka tarar a ƙarƙashin salatif

Malaminmu cewa ya yi, kafin a koya wa akwatin sabon karatu, a fara tambayar sa me ke damun sa. A ƙarƙashin sitiyarin motocin zamani akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD, wadda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tun 1996, daga baya ta bazu ko'ina. Idan aka jona mata na'urar bincike, akwatin zai faɗi ƙorafinsa da lambobi. P0300 na nufin wuta tana tsallake, P0171 iska ta fi mai yawa, P0420 kuma matatar hayaƙin cikin salansa ce, wadda kanikawa ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata.

Muka raka Kawu Funtuwa wajen wani mai gyaran waya, wato rewaya, da ke da irin wannan na'ura. Abu na farko da muka gani ma ba ya buƙatar na'ura. An manna baƙin salatif a kan dashbod, da aka ɓamɓare sai ga wutar gargaɗin injin tana ci. Kawu ya ce haka ya saye ta. Abokan karatunmu sukan tsokane mu cewa sunan garinmu da wutar danja ɗaya ne, ga shi kuwa mun yi shekaru muna yawo da danja a rufe.

Na'ura ta nuna sansan salansa ba ya magana, aka leƙa aka ga wayarsa ta ƙone a jikin ƙarfe. Matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu har ba a ganin launinta. Fulogai sun cinye. Amma wanda ya fi ba mu mamaki shi ne zafin ruwa. Bayan doguwar tafiya, bai kai inda ya kamata ba, wato tsakanin digiri 80 da 90. Ashe an cire tamostat.

Wannan al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejojinmu. Ana cewa tamostat na ƙasashen sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Ba mu ga laifin tsofaffin kanikawa sosai ba, domin a kan motocin kafireto suka koyi aiki, inda babu mai auna zafin ruwa ya yanke hukunci da shi. A motar kwamfuta kuwa, muddin sansa yana cewa injin da sanyi, akwatin zai ci gaba da ƙara mai, kamar an bar cok a jawo. Ku tuna da sanyin asubar Janairu, lokacin da ake fita ɗaukar kaya. Idan mota tana zafi, galibi lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, su ya kamata a duba.

Ashe ƙwaƙwalwar lafiyarta lau. An toshe mata hanci, an yanke mata kunne ɗaya, ana kuma yi mata ƙarya game da zafi. Aka sa tamostat, aka canza matatar iska da fulogai, aka gyara wayar, aka ƙara wa tayoyi iska. Kafin la'asar mun kamo hanyar Bakori. Bayan mako ɗaya Kawu ya ce man da a da yake kai shi Zariya ya dawo da shi da ƙyar, yanzu har saura yake bari. Nishin hawa ya ragu amma bai tafi ba. Muka tuna masa cewa an yi motar ne don kaya kusan tan ɗaya, shi kuwa yana jera kwanduna har sun fi kan motar tsayi. Dariya ya yi ya ce, “Wannan kuma ba a littafinku yake ba.”

Ba muna cewa kada a taɓa akwatin har abada ba ne. Akwai inda dole sai an saita lambobi. Tun 2023 Gwamnatin Tarayya take ƙarfafa mayar da motocin haya su koma amfani da iskar gas ta CNG, kuma motar nozul da aka mayar sai an ƙara mata wata ƙaramar kwamfuta an saita ta da injin, in ba haka ba ta riƙa shaƙewa. Wanda zai yi irin wannan aiki da kyau shi ne mai fara duba lafiyar injin, ya adana fayil ɗin asali kafin ya canza komai, ya kuma fita gwaji da na'ura a jone yana kallon lambobi. Wanda ya yi maka alƙawarin ƙarin ƙarfi da ragin mai tun bai buɗe bonet ba, a ganinmu a bar shi da kwamfutarsa.

A garejin nan na Funtuwa, ba mai garejin ne ke riƙe da na'urar ba. Wani yaro ne ɗan aji biyu na babbar sakandare, da wandon makaranta a jikinsa, yake karanta Turancin da ke fitowa yana fassara wa ubangidansa, shi kuma ya san inda kowace waya ta bi. Shi ne ya fara lura da lambar zafin ruwa, ya ce, “Oga, wannan ai bai kai ba.” Da muka tambaye shi inda ya koya, sai ya ce darasin zafi da ma'auninsa a ajin fiziks suka yi shi zangon da ya wuce, sauran kuma a nan yake tsinta bayan an tashi daga makaranta. Da za mu tafi Kawu ya karɓi lambar wayar garejin, ya ce akwai motar maƙwabcinsa, ita ma da salatif a dashbod.